Kayan Aikin Magajiya

A 1998 na baro Kwoi na zo Kafanchan tsaron kemis ɗin kawuna, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙasa. Lokacin harkar jirgi ta yi sanyi, sai manyan motoci masu lodin citta, direbobinsu kuwa ba a mota suke kwana ba.

Bayan shagonmu akwai gidan mata masu zaman kansu. Magajiyar gidan, wata dattijuwa mai haƙorin Makka, da kanta take zuwa bayan isha'i ta sayi Gold Circle kwali guda. Ban taɓa jin kwaroron roba a bakinta ba. "Ɗan nan, miƙo kayan aiki," shi ke nan. Ni ne ma mai jin kunyar, sai na naɗe kwalin a tsohuwar jarida har ninki uku.

Shekara guda ke nan da rasuwar mawaƙi Fela, tun a lokacin kuma yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito fili ya ce ƙanjamau ce ta kashe shi, amma a teburin mai shayi maza na ta rantsuwa cewa ciwon Turawa ne, ko kuma sammu. Matan nan ba sa musu. Sun ga 'yar ɗakinsu ta rame, gudawa ta ƙi tsayawa, an saka ta a mota zuwa ƙauye. Kabari kusa suke ce wa ciwon, murya ƙasa-ƙasa.

Wani dare Magajiya ta tsare wata yarinya da faɗa a bakin kantar shagonmu. Yarinyar ba sakara ba ce. Ko baƙo ya ninka kuɗi don a ajiye roba, korarsa take yi. Matsalar dadironta ne, direban da ke biya mata kuɗin ɗaki, ya taho mata da doya in ya dawo daga Lafiya.

"Iya, shekara biyu muna tare. In na miƙa masa, cewa zai yi ban yarda da shi ba."

"To, ke kaɗai ce tasharsa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale.

Sai a 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin maganin rage kaifin cutar, a 'yan manyan asibitocin birane. Kafin nan yarinyar ta koma sayen maganin tari da gishirin gudawa a wurina, bashi. Kawu ya ce in daina rubutawa a littafi, in ba ta kawai.