Tsofaffin Motocinmu a Baje Kolin Liyon

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akan yi baje kolin tsofaffin motoci da babura cikin watan Nuwamba, ana ce masa Époqu'auto. Akwai rumfunan kayan gyara, ana kuma yin gwanjo. Amma abin da ke tara jama'a shi ne motocin da, waɗanda aka goge suna ta walƙiya.

To, wasunsu mun san su sarai. Ga Peugeot 404 ta shekarar 1960, ga 504 da ta biyo baya a 1968, wadda aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Su ne suka yi ta jigilarmu tsakanin Maraɗi da Damagaram, mu da buhunan hatsinmu. Manyan motocin Berliet, waɗanda asalinsu ƴan Liyon ne, sun ratsa Tenere a 1959 da 1960. Mobylette kuwa ita ce dokin malamin makaranta.

Can ana tattalinsu, mu kuwa mun yasar da namu a bayan gareji, ƴan gwangwan suna saye a kilo. Makanikan da suka rayar da su da basirar hannu sun tsufa, kuma ɗalibanmu ba su san su ba.

Saboda haka muna roƙon kowane gari ya gyara ko guda ɗaya ya ajiye. Mu malamai kuma mu kai yara wurin waɗannan dattawa, su ji daga bakinsu tun suna da rai.