Tsakanin Rufin Asiri da Tonon Asiri: Ɗan Jaridar da Ya Zo Kakuri

A Kakuri aka haife ni, kudu da kogin Kaduna, a zamanin da jiniyar masaƙu ke raba wa mutane yini. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sauran suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa da Nortex, sai Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da baƙi daga kowace kusurwa ta Arewa, Hausa kuwa ita ta haɗa bakinsu. Mahaifina yana cikinsu. Ya shekara ashirin da ɗoriya a gaban injin saƙa, har ƙarar ta taɓa masa kunne. Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tasa ma ta rufe, aka sallame su ba tare da an biya su haƙƙinsu ba.

A cikin wannan hali wani matashin ɗan jarida na ɗaya daga cikin gidajen talabijin na garin ya shigo unguwarmu. A babur ya zo, da mai ɗaukar hotonsa a baya rungume da kyamara. Mun saba da 'yan jaridar da ke zuwa ranar zanga-zanga, su ɗauki hayaniya su wuce. Shi ya zo ranar da babu taron komai, kuma ya yi ta dawowa har mako uku. Yakan zauna a kan benci ya karɓi takardun sallama da na albashi, ya kwafe lambobinsu a littafi, ya je ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ya gwada da abin da ke rubuce a can. Sunayen waɗanda suka rasu suna jiran kuɗinsu ma bai karɓa da ka ba, sai da ya bi gidajensu ya ga matan da suka bari.

Da ya iso zaurenmu ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce, "Baba, ina so ka faɗa wa duniya abin da ka faɗa mini."

Mahaifina ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kullum abin da nake roƙon Allah shi ne ya rufa mini asiri. Yanzu kai kuma ka zo in tona shi da bakina, surukaina suna kallo?"

Ɗan jaridar bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma wanda ya riƙe haƙƙinka ma rufin asirin yake so, kuma shirunka ne mayafinsa."

A ƙarshe suka daidaita. Aka ɗauki muryarsa da hannayensa riƙe da takardar sallama, ba a nuna fuskarsa ba.

Na daɗe ina juya wannan zance. A wurin Bahaushe rufin asiri yana cikin manyan addu'o'i. Da shi ake kwatanta wadatar da ba ta kai dukiya ba, da shi ake yabon maƙwabcin kirki. Tonon asiri kuwa aibi ne, tonon silili ya fi shi muni. Ga shi sana'ar wannan yaro gaba ɗaya a kan tono ta tsaya. Ina ganin shi ya sa kafafen Hausa suka fi son kiran aikin da binciken ƙwaƙwaf, domin sunan ya ɗora nauyi a kan ƙwazon mai bincike, ya kauce wa kunyar wanda aka tona. Amma zaurenmu ya koya mini cewa asiri iri biyu ne. Akwai na mai rauni, wanda mutunci ne a suturta shi, akwai na mai ƙarfi, wanda suturta shi taya zalunci ne. Gwanintar ɗan jarida ita ce ya raba su, ya buɗe na biyu ba tare da ya yaye na farko ba. A talabijin wannan ya fi wuya, don gani ya kori ji. Rediyo yana iya ɓoye mutum a cikin muryarsa, kyamara kuwa fuska take nema.

Daren da aka sa rahoton muka taru a gidan maƙwabcinmu mai janareta. Aikin mako uku bai wuce 'yan mintuna ba. An bar kukan zawarawa, an cire ɓangaren da ya ambaci waɗanda alhakin ke wuyansu. Daga baya ya dawo ya ba dattawa haƙuri, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Mahaifina ya ce, "Ka yi naka, Allah ya yi maka albarka."

Sai da na girma na gane abin da ya fi ƙarfin nasa. Talabijin ta fara a Kaduna a 1962 a hannun gwamnatin Jihar Arewa, wato da bakin hukuma ta fara magana. Tashoshin 'yan kasuwa da suka zo bayan dokar 1992 su ma da talla suke rayuwa, masu tallar kuwa sau da yawa su ne abin bincike. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ba ta sauya wannan lissafi ba. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga. Wani lokaci ma da rai ake biya: a ranar 20 ga Janairun 2012 aka harbe Enenche Akogwu na Channels a Kano yana bakin aiki. Duk da haka aikin yana tasiri idan ya sami mai goya masa baya. A 2018, cikin kwanaki kaɗan da fitowar binciken BBC kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Bambancin wancan da namu na Kakuri ba a ƙwazo yake ba. Wancan yana da tashar da ba ta tsoron a janye mata talla.

Abin da ke damuna a matsayin ɗalibin Hausa shi ne ina kaset ɗin yake. A cikinsa akwai Hausar ma'aikatan masaƙa, ta Bajju da Tibi da Babarbare da Bakano da suka yi shekaru a ɗaki ɗaya, da kalmomin sana'ar da ke bin masu ita kabari. Mun yi nazarin waƙa da zube da finafinan Kano, amma rahoton talabijin na Hausa bai sami rabonsa ba. Ya kamata sassanmu su nemi irin waɗannan kaset a tashoshi tun kafin su lalace.

Mahaifina ya rasu ba a biya shi ba. Takardar sallamar tana nan a cikin akwatin mahaifiyata, da lambar da ɗan jaridar ya rubuta da fensir a gefenta.