Hanyoyin Da Ido Ba Ya Gani A Sansanin Mayaƙan Sama

Duk wanda ya zauna kusa da sansanin mayaƙan sama na Kaduna ko na Makurɗi ya saba da ƙarar jirage, har ma ba ya ɗaga kai in sun wuce. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar kansu yadda matuƙi yake gane gida a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari har mutum ba ya hango bishiyar da ke ƙofar gidansa. A sama babu kwalta, babu alamar mil, babu mai talla da za a tsaya a tambaya. Abin da matuƙi ya dogara da shi, bayan Allah, shi ne rediyo.

Aikin jarida ya taɓa kai ni hasumiyar wani sansani, inda na zauna wajen awa guda ina saurare. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin magana. Jami'in hasumiya ya faɗi umarni a taƙaice, matuƙi ya maimaita masa daidai, shi ke nan. Mu da muke cin abinci da surutu, a wurin muka ga inda kalma ɗaya ta fi shafi guda nauyi.

To, ga yadda aka raba iskar. Jiragen farar hula suna magana da hasumiya a tsakanin megahaz 118 da 137. Jiragen soja kuwa, ban da wannan, suna da nasu zangon daga 225 zuwa 400. An keɓe 121.5 domin kiran neman agaji a duniya baki ɗaya, na soja kuma 243, wato ninki biyu ke nan na na farko. Mutum biyu ba sa magana a layi ɗaya a lokaci guda, domin in suka yi haka sai ƙara ta shafe muryoyin. Irin wannan karo na muryoyi yana cikin abubuwan da suka jawo haɗarin tsibirin Tenerife a 1977, inda manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu.

Bayan magana sai na'urorin nuna hanya. Mafi tsufa ita ce wadda ake kira NDB, tashar da ke aika sauti ta kowace fuska, allurar da ke gaban matuƙi ta yi ta nuna inda take. Sai VOR, mai aiki tsakanin 108 da 118, wadda ke gaya masa ta wace kusurwa yake tunkarar fili. Soja suna da irin tasu mai suna TACAN, wadda ke ba da kusurwa da nisa a haɗe. Ta ƙarshe ita ce ILS, mai riƙe hannun jirgi a lokacin sauka: sashe ɗaya ya daidaita shi da tsakiyar titi, ɗaya kuma ya gangaro da shi a kan kusurwa ta kimanin digiri 3. Kowace tasha tana faɗin sunanta da bugun Mos, don kada matuƙi ya bi wata yana zaton tasa ce.

Mai karatu zai ce, ina ruwan talaka da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Tashoshin FM da muke sauraro suna ƙarewa ne a kan 108, daidai inda na'urorin sauka suka fara. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Saboda haka wanda ya kafa tasha ba izini, ko ya bar na'urarsa ta lalace tana tsallake iyaka, yana iya shiga kunnen matuƙin da ke neman ƙasa cikin hazo. Haka nan mai sare wayar tagulla da dare don ya sayar a kan kilo, da mai dogon gini ko turken waya a gefen fili, domin saƙon rediyo yana bugun bango ya karkace.

Na sha jin masu cewa zamanin GPS ya zo, a kwashe tsofaffin na'urori a huta. Ban yarda ba. GPS mallakar sojan Amurka ne, kuma saƙonsa mai rauni ne, ana iya toshe shi. Rundunar da aka kafa tun 1964 don tsaron sararin ƙasar nan bai kamata ta rataya komowar 'ya'yanta a kan igiyar aro kaɗai ba. Hausawa sun ce kwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kirana ga hukuma shi ne ta riƙa ware kuɗin gyara da na janareta kamar yadda take ware na sayen jirage, gama jirgin da ba zai iya sauka cikin hazo ba rabin jirgi ne. Jama'ar da ke maƙwabtaka da filayen nan kuma su ɗauki ɗan ɗakin nan mai fentin ja da fari da ke tsaye shi kaɗai a cikin ciyawa tamkar rijiyar unguwa, su hana kowa taɓa shi. Allah Ya sauki matuƙanmu lafiya, amin.