Ranar da radiyo ya yi shiru

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Nijar, radiyo ne ke fara kawo labari. Shi ke faɗa ma manomi inda ruwa ya sauka. Shi ke sanar da ranar rigakafin yara. Idan an yi rasuwa, ko saniya ta ɓace, gidan radiyo ake kai sanarwa.

Amma wata rana sai a kunna akwati a ji shiru. Mai akwati ya bubbuga shi, ya canja pil, ya ja eriya. A banza! Akwatin lafiya lau yake. Can gidan radiyo ne murya ta tsaya.

Mi ke tsaida murya?

Murya tana da hanyarta. Mai magana yana magana cikin makirfo. Waya ta kai muryar ga na'urar watsawa. Na'urar ta tura ta ga eriya, bisa dogon ƙarfe. Daga nan take bazuwa har cikin gidaje. Duk wannan aiki da lantarki ake yin sa. In kuran ya ɗauke, magana ta yanke.

Kuran kuwa daga nesa yake zuwa. Shekaru da yawa kamfanin NIGELEC yana sayen lantarki daga Najeriya. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke shi, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. A lokacin an sha duhu a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Gidan radiyon da ke da inji sai ya sayi mai, ga shi mai yana da tsada.

A karkara akwai wata dabara. Radiyon karkara na farko a Nijar, wanda aka buɗe a Bankilare a 1999, da hasken rana ya fara aiki. Faifan rana yana cika batir, batir yana ba na'ura ƙarfi. Amma shi ma yana da magabta. Ƙurar hunturu tana rufe faifan, batir ya ƙi cika. Zafin bazara yana gasa na'ura har ta mutu. Da damina tsawa tana faɗa ma dogon ƙarfe.

Saboda haka akwai wani mutum a gidan radiyo wanda ba a jin muryarsa, ba a san sunansa ba. Shi ne mai kula da na'urori. Da sassafe yake share faifan rana. Yana duba batir, yana kakkaɓe ƙura. In hadari ya taso da walƙiya, yakan kashe na'ura da kansa. Ya san shirun awa ɗaya ya fi shirun wata uku, domin kayan gyara sai babban birni.

Ya kuma san abin da shiru ke jawowa. In ba a ji an ɗaga ranar rigakafi ba, uwa za ta goya ɗanta, ta yi tafiya mai nisa, ta tarar ba kowa. In ba a ji sanarwar rasuwa ba, dangi ba su samu jana'iza. Kuma inda labarin gaskiya bai iso ba, jita-jita ce ke shiga gari.

Da wuta ta dawo, mai magana yakan ba masu saurare haƙuri, sa'an nan ya maimaita sanarwar da ta yanke. Yaron kirki, in ya ji ta, sai ya kai ma maƙwabtan da suka riga suka kashe akwatinsu.

Mu amsa tambayoyi

1. Ta ina murya ke bi kafin ta iso cikin akwati?
2. Faɗi abubuwa 3 da ke sa gidan radiyo ya yi shiru.
3. Don mi mai kula da na'urori ke kashe na'ura in hadari ya taso?
4. Wace sanarwa ka taɓa ji a radiyon garinku?