Idan na'urar suga ta ce HI, ba gaishe ku take yi ba

Yau darasin Turanci za mu yi, amma kada ku tashi, duka-duka bai kai kalma ashirin ba. Kalmomin da ke fitowa ne a fuskar 'yan na'urorin lafiyar da muka cika gidajenmu da su.

Bahaushe ba ya gudun baƙuwar kalma. Rediyo, talabijin, firji, fanka, janareta, batir, caja, duk mun karɓe su mun yi musu wanka sun zama 'yan gida. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san filashin, ta san kati, ta san data ta ƙare, ta san sabis ya ɗauke. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Kullum wayar tana hannunta, kuma in ta danna ba daidai ba, nan take za ta ga kuɗinta ya tafi. To amma akwai wasu na'urorin da suka shigo ɗakunanmu daga baya: ta awon hawan jini, ta gwajin suga, ma'aunin zafin jiki, da 'yar ƙaramar nan da ake maƙala wa yatsa, wadda ta yi kasuwa lokacin korona. Su har yau ba mu saba da yarensu ba, alhali kuskure a kansu ya fi ƙarfin asarar kati.

A kantin maganin da nake aiki a nan Legas, da wuya mako ya wuce wani daga cikin 'yan uwanmu na Agege bai shigo da na'ura a leda ba, yana cewa, “Hajiya, duba min, ta lalace.” Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Magana ta yi, ba a ji abin da ta ce ba. Takardar bayanin da ke cikin kwalin kan zo da Turanci da Faransanci, wani lokaci da Larabci, amma ni dai ban taɓa cin karo da mai Hausa ba. Ita ma takardar, galibi tare da kwalin ake jefar da ita.

Bari mu fara da na'urar suga, don ita ce ta fi hana ni barci. Idan kuka ɗiga jini, maimakon lamba sai ta nuna haruffa biyu, HI, to gajeren rubutu ne na kalmar da ke nufin sama. Tana cewa sugan ya wuce iyakar da take iya aunawa, wato ya haura 600 a yawancin na'urorin da ke kasuwarmu, a wasu kuma 500. Wani matashi ya taɓa gaya min, da gaskensa, cewa ya ɗauka gaisuwa ce irin wadda waya ke yi in an kunna ta, don haka kwana biyu suna jiran ta gama gaisuwar ta kawo lambar mahaifinsa. Na so in yi dariya, amma dattijon yana zaune a mota yana ta shan ruwa yana neman wurin fitsari, sai na ce su wuce asibiti kai tsaye. In kun ga HI, a wanke hannu da sabulu a busar, domin ragowar dabino ko mangwaro a yatsa yana iya ɗaga lamba, sannan a sake gwadawa da sabon tsinke. In ta maimaita, asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Kishiyarta ita ce LO, wato ƙasa, kuma a nan ne tarkon yake, domin haruffan nan biyu suna fitowa a na'urori biyu da ma'ana daban. Yawancin ma'aunan zafin jiki irin na batir, da zarar an kunna su sai su nuna Lo ko L. Ba komai ba ne. Zafin ɗakin ne bai kai abin da suke fara ƙirgawa ba, kusan digiri 32, suna jiran a sa su a hammata. Uwargida ta saba ganin haka duk lokacin da za ta auna yaro, har ta riƙe a ranta cewa Lo na nufin na'ura ta shirya. Ranar da za ta gwada wa surukarta suga ta ga LO, sai ta zauna tana jiran lamba. Lamba ba za ta zo ba. A na'urar suga, LO na nufin sugan ya faɗi ƙasa da 20, a wasu ma ƙasa da 10, alhali tun daga ƙasa da 70 ake cewa ya yi ƙasa. Wannan yakan faru ga masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, musamman in sun sha magani ba su ci abinci ba. Za a ga gumi, rawar jiki, jiri, ko mutum ya fara sambatu, har a ce iska ce ta taɓa shi.

In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa a ba shi, ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya farfaɗo ya ci abinci, sannan a kai shi a duba maganinsa. Ga wani Turancin kuma: lemon da aka rubuta wa Zero ko Diet ko Sugar Free ba shi da sugan da ake nema, ba zai yi aikin ba. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mai azumi ma, da ya ga ƙasa da 70 ya sha ruwa, kada ya ce saura awa ɗaya magariba.

Ko da na'urar ta kawo lamba, da sauran magana. Ku dubi ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Wasu na'urorin suna rubuta mg/dL, irin lissafin Amurka, wasu kuma mmol/L, irin na Ingila, kuma duka biyun suna yawo a Najeriya. Kamar mudu ne da tiya: hatsin ɗaya, awon daban. In aka ninka lambar mmol/L sau 18 sai ta ba da ta mg/dL. Mai lafiya da safe kafin karyawa yana tsakanin 70 da 99 a awon farko, wato 3.9 zuwa 5.5 a na biyu. Na san wani alhaji da ɗansa ya aiko masa da na'ura daga Ingila. Ya gwada ya ga 18.0, ga maƙwabcinsa kullum yana cewa nasa 110 ne kuma likita ya yaba. Sai Alhaji ya ga ai shi nasa ya ƙare, ya aika aka sayo masa lemo mai sanyi. Sha takwas sau sha takwas, 324 ke nan, ya ƙara wa wuta fetur. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ɗigo: in lambar tana da ɗigo a ciki, kamar 6.2, awon Ingila ne. Da yawa daga cikin na'urorin nan ba a iya canza musu awo, don haka in za ku gaya wa likita lamba, ku gaya masa har da haruffan.

Irin wannan ruɗanin yana ga ma'aunin zafi, tsakanin C da F. Zafin jikin mai lafiya kusan 37 ne a C, shi ne 98.6 a F. Zazzaɓi yana farawa daga 38, wato 100.4. Uwar da ta ga 99 ta ɗora hannu a ka, ta duba tukuna, in F ne a gefe to yaron bai yi zazzaɓi ba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da ya kai 38 sai asibiti, ba a tsaya ba shi sirop a gida.

Na'urar hawan jini lamba uku take bayarwa, kuma nan ma ana cakuɗa su. SYS ita ce ta sama, ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa. DIA ta ƙasa ce, lokacin da ta saki. Ta ukun, PULSE, bugun zuciya ne a minti ɗaya, wanda ga babba yakan kasance tsakanin 60 da 100, kuma ba ta cikin lissafin hawan jini. Na sha jin mace ta ce min, “Jinina 78 ne, alhamdu lillahi,” in na karɓi na'urar sai in ga bugun zuciya ta karanto, ta bar 168 a sama yana kallonta. Abin da ake faɗa wa likita shi ne ta sama bisa ta ƙasa. In ana yawan samun 140 bisa 90 ko fiye, a je a gani. Mai juna biyu kuwa ko sau ɗaya ta ga haka, ta tafi wurin awo a ranar. In ta kai 180 bisa 120, ga ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani ya dushe, wannan na gaggawa ne.

Err ko E mai lamba a gefe, kuskure take nufi, kuma yawanci daga wajenmu ne: an yi motsi, ana hira, ko ɗamarar hannun ta yi sako-sako, ko an ɗaura ta a kan hannun riga mai kauri. A zauna minti biyar, a jingina baya, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a yi shiru. Goro, kofi da taba a bar su rabin awa kafin awo. Maɓallin da aka rubuta wa MEM ko M kuwa na tuna baya ne, tsohon awo yake fitowa da shi. A gidan da miji da mata ke amfani da na'ura ɗaya, ana iya danna shi a karanta awon maigida na shekaranjiya a ɗauka na uwargida ne na yau. Sabon awo START ake dannawa.

Ta yatsa ba ta da wahala. SpO2 yawan iskar da ke cikin jini ne, mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, PR kuma bugun zuciya. Jan farce da yatsa mai sanyi suna rikita ta. Hoton batir mai ƙiftawa, wannan kowa ya san shi daga waya. Sai EXP a jikin robar tsinken gwajin suga, ranar lalacewa ke nan. Tsinken da ya wuce lokaci, ko wanda aka bar robarsa a buɗe ya sha damshin Legas, zai ba ku lamba, amma lambar ba abin dogaro ba ce.

Laifin nan, a ganina, ba na tsofaffinmu ba ne. Kaso mafi tsoka na 'ya'yan da ke sayen na'ura ne su aika gida a matsayin tsaraba, su ji sun sauke nauyi, ba su zauna minti goma sun nuna yadda ake karanta ta ba. Saura kuma na masu sayarwa ne, ko a kemis ko a kasuwar kayan lantarki, da ke karɓar kuɗi su miƙa kwali a rufe. Hakkinku ne ku ce a buɗe, a sa batir, a gwada a jikinku, a karanta muku abin da ya fito kafin ku bar wurin. Wadda ke gida tuni, ku ɗauko ta ku kai wa mai ilimin magunguna mafi kusa da ku, ko ku tafi da ita ranar ganin likita.

Ni abin da nake yi wa masu zuwa wurina, filasta nake yanka in manna a bayan na'urar, in rubuta da biro, da boko ko kuma ɗan gidan ya rubuta da ajami in shi Baba ya fi karantawa. A ta hawan jini: “Sama da tsakiya na likita, ta ƙasa bugun zuciya.” A ta suga layi biyu ne: “LO, a ba shi suga yanzu. HI, asibiti yau.” A ƙarƙashi sai lambar wayar wanda za a kira.