Ƙasar Ina? Tafiya Anka, Bukkuyum da Gummi da Allon Zane

Aikin da aka ba 'yan ajin ƙarshe shi ne kowa ya zana ginin makarantar koyon zanen gine-gine: situdiyoyi, ɗakin lacca, laburare, ofisoshin malamai da wurin baje koli. Makarantar a takarda take, ba wanda ya ware mata ko kwabo, amma sharaɗi ne ɗalibi ya zaɓi wuri na gaske, ya je ya taka shi da ƙafarsa. Yawancinsu Abuja da Kaduna da Kano suka zaɓa. Ɗan ƙanwata, da yake Bazamfare ne ta wajen uba, ya ce shi yammacin Zamfara zai kai tasa. Uwarsa ta ce ba zai hau hanyar Anka shi kaɗai ba. Haka aka yi na zama ɗan rakiya, ni da ban iya komai a zane ba sai riƙe bakin tef.

A Zariya yake karatu, sashen da ya fi kowane daɗewa a wannan fanni a Najeriya. A Ibadan aka fara shi a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin birnin ne kuwa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizonsa na ƙasa da azara. Yaron ya sha zuwa wurin, ya ɗauki hotuna cike da waya. Amma zanen farko da ya nuna mini a tashar Gusau bene ne hawa huɗu, gabansa gilashi tun daga ƙasa har sama. Ban ce komai ba. Na dai tambaye shi ko akwai janareto a cikin lissafin.

Sai da rana ta ɗaga muka tashi, don direbobin wannan hanya ba sa sammako kuma ba sa yamma. Bunguɗu, Maru, sannan mahaɗar Mayanci inda ake barin titin Sakkwato a karkata zuwa Anka. Daga nan hira ta ragu a cikin motar. Shingayen jami'an tsaro, gonaki da wasunsu suka koma saura, ƙauyuka da kwano sabo yana ƙyalli a kan katangar ƙasa tsohuwa. Bazara ce sosai, iskar da ke shigowa ta taga ba ta da maraba da hucin tanda.

Anka tsohon mazauni ne na sarauta. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin su tabbata a nan, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zamfaran Anka. Yanzu garin ya cika da baƙin dole, mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. Kangon sabuwar fadar sarki da ba a ƙarasa ba ma ya zama mafakar dubbansu a shekarun nan. Abin da ya tsayar da yaron a kangayen da muka gani shi ne abin da kowace mace ke fara yi in ta sami lungu: tun kafin ta nemi rufi, sai ta kewaye da zana ko buhu ko tamfol, ta fitar da tsakar gida komai ƙanƙantarta, ta bar 'yar ƙofa a karkace yadda na waje ba zai hango ciki ba. Bai ɗaga waya ya ɗauki hoto ba, na kuwa yaba masa. A littafinsa ya zana tsarin, da yamma, daga ka.

Wani ɗan'uwan ubansa ya kai mu wurin wani tsohon magini. A zaurensa muka same shi, zaure mai kaurin katanga, rufin azara da ƙasa. Da shigarmu gumi ya tsaya. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida sun riga sun fito da tabarmi tsakar gida. Bulon siminti mai rami da kwano marar silin kuwa nan take suke miƙa wa na ciki abin da rana ta ba su. Yaron ya san wannan a littafi. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya buɗe takardunsa, ya ce ya sake shawara tun a hanya, da ƙasa zai gina.

"Madalla, yaro," in ji tsohon. "Ƙasar ina?"

"Ta nan, Baba. Ai ita ce arha, ba sai an ɗauko daga nesa ba."

"Hala ba ka ji abin da wagga ƙasa ta yi muna ba. Ɗiyanmu nawa munka binne?"

Ya ji, kowa ya ji, amma bai taɓa haɗa labarin da aikin gini ba. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga. An zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ashe gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka rungumi haƙa, dutsen da suke tonowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Maganin ma sai da ya zama aikin lebura kafin na likita: a kankare saman ƙasar kowane gida, a kwashe a binne a rami, a zubo mai tsabta, sannan a ba yaro maganin da zai fitar da gubar, don in ya koma kan ƙasar da ta ba shi ciwon an yi aikin banza. Bagega, da ta fi girma, sai a 2013 aka share ta.

Tsohon ya ɗebo ƙasa daga wani kwando ya nuna mana yadda yake gane ta gini. Ya jiƙa, ya murza tsakanin tafuka, ya dunƙula ya saki a ƙasa ya duba yadda ta tarwatse. In yumɓu ya yi yawa, tubali zai tsage wajen bushewa. In rairayi ya rinjaya, ba zai kama ba. Sai a cakuɗa da ciyawa, a tattake, a bari ta ruɓa kwanaki kafin a dunƙula tubali. Ya yi maganar makuba ta ɓawon ɗorawa da katsi na marina, waɗanda ake sa wa bango da rufi don kada ruwa ya ci. Duk wannan hannunsa ya san shi fiye da yadda kowace lacca za ta faɗa. Amma dalma ba ta wari, ba ta sauya launin ƙasa, kuma ba ta ruɓewa. Masu aikin 2010 da wata 'yar na'ura ta hannu suke gano ta, su ɗora a ƙasa ta faɗi adadi. A ganina nan ne gaba ɗaya aikin yaron ya sami dalilinsa: yankin nan yana bukatar wurin da hannun tsohon da na'urar za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, ba ɗaya a birni ɗaya a zaure ba.

Bukkuyum ba mu daɗe ba. Ta Nasarawar Burkullu muka bi, kuma an gargaɗe mu kada mu yi tunanin leƙa ƙauyukan. A nan yankin da na Anka aka yi kisan gillar farkon Janairun 2022, kuma har yanzu mutane na rage murya in za su ambaci sunayen wasu dazuzzuka. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage a ƙarshen 2024, amma ba wanda muka yi magana da shi da ya nuna kamar an taɓa daina haƙa. Abin da yaron ya je gani kududdufi ne. A garin Bahaushe kududdufi ramin da aka gina garin da shi ne: daga nan ake ɗibar ƙasa, nan ruwan damina ke taruwa, nan masu bulon ƙasa ke aiki da rani. Duk abin da ruwa ya wanko daga gari can yake kwantawa. In an taɓa wanke dutsen zinare kusa, to, wurin da magini zai fara nufa shi ne wurin da ya kamata a fara aunawa. Ya ɗebi ƙasa a leda daga wurare daban-daban, ya rubuta wa kowace sunan inda ta fito. Direbanmu ya tambaye shi ko magani zai haɗa.

Gummi ta bambanta. Kogin Zamfara ya shimfiɗa mata fadama, ga shinkafa, ga albasa, ga kore ko da bazara. Garin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ne, mai fassarar Alƙur'ani da Hausa, wanda ya rasu a 1992, kuma sarkinsu, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, kujerar babban alƙalin Abuja ya bari a 2013 ya dawo gida ya hau gadon sarauta. Mutanen nan ba sa raina karatu. Da yaron ya faɗa wa wasu dattawa a majalisa cewa nan yake so ya ajiye makarantarsa, ba wanda ya yi dariya, sai ma aka shiga gardamar wane fili ne ya fi tudu.

Tudun ne kuwa maganar. Ambaliyar watan Agustan 2024 ta rusa gidaje masu yawa a Gummi, kuma har lokacin da muka je akwai unguwannin da ake gane iyakar ruwan a jikin bango. Mun bi su yana duba yadda kowane gida ya faɗi. Ba daga sama ginin ƙasa ke mutuwa ba. Ruwa ya kwanta a gindinsa, ƙasar ta jiƙe ta koma laka, nauyin sama ya danne, bango ya zauna. Waɗanda suka tsira galibi masu dakali ne a gindi, ko waɗanda aka fara da dutse ko bulon siminti 'yan layuka kafin a ɗora ƙasa. Akwai kuma wata cuta da na ga ta yaɗu ko'ina: a yi wa bangon ƙasa fulastar siminti don a huta da yaɓen kowace shekara. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Ruwa ya sami tsaga ya shige baya, ya rasa hanyar fita, bango na narkewa a ɓoye, fuska kuwa sumul, har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya.

Wani matashin birkila da ke sake gina wa ubansa ɗaki ya ce da shi, "Malam, kai da ke da karatu ka gina da ƙasa. Mu bulo muke so." Bai yi kuskure ba. Wanda ruwa ya cinye wa ɗaki ba a zo masa da maganar al'ada. Yaron ya nuna masa hotunan Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse a injin, suka mai da tsohon laburare, aka gama a 2018. Birkilan ya daɗe yana faɗaɗa hoton da yatsa. Tambayarsa ɗaya: nawa ne injin?

Da azahar a masaukinmu yaron ya kira ni waje. "Kawu, dubi inuwar nan." Ta ɗan karkata kudu. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a buɗe wa situdiyo manyan tagogi ta arewa, don rana ba ta shigowa ta can, sai haske mai laushi. Gummi da Anka kuwa suna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi. Tagar arewa ma tana son rumfa. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan duka. Hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas. Ya zauna a dakali ya jera waɗannan a gefen takarda.

Zanen da ya fito bayan mun koma hawa ɗaya ne, a kan tudun da dattawan suka fi rinjaya a kai, an ɗaga shi bisa harsashin dutse. Ana shiga ta zaure. Ɗakin farko a dama na gwajin ƙasa ne, kuma duk wanda ya zo da ledarsa daga ƙauye zai iya miƙawa ta taga ba sai ya shiga makaranta ba. Tsakiya fili ne na kwaɓa da buga bulo, situdiyoyi sun kewaye shi, dogayen bangayensu na kallon arewa da kudu, gabas kuwa an toshe ta da ɗakunan ajiya. Ɗakin laccar ne ya ba shi wuya. Azara ba ta ƙetare abin da ya wuce mita 2 sai da dabarar baka, giginya kuma ta yi ƙaranci, ba daidai ba ne makaranta ta cinye sauran. Sai ya ari dabarar Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 ya kuma ci kyautar Pritzker a 2022: silin na ƙasa, kwano a ɗage sama da shi a kan ƙarafa, iska na ratsa tsakani tana kwashe zafi, bakin kwanon ya zarce bango sosai.

A jerin ofisoshin malamai ya ware ɗaya, mai ƙofa zuwa filin kwaɓa, ya rubuta Sarkin Magina. Ranar kare aiki a kan wannan ɗaki aka fi tsayawa. Ɗaya daga masu jarrabawa ya tambaye shi da wace takardar shaida za a ɗauki mutumin aiki, kuma a wane matakin albashi. Ya ce shi ɗaki aka ce ya zana.