Katakon da Ba Ya Shan Ruwa

A dazuzzukan gabashin Amurka, tun daga iyakar Kanada har zuwa jihohin kudu, akwai wata bishiya da ake kira farin oak. Tana da 'yar'uwa, jan oak, wadda idan aka jera katakonsu, wanda ba gwani ba zai rantse abu ɗaya ne. Bambancin yana ɓoye a ciki. Kowace bishiya tana da siraran hanyoyi da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. A jikin jan oak hanyoyin a buɗe suke ko bayan an sare shi, har idan mutum ya tsoma guntunsa a ruwa ya busa ta ɗaya gefen, sai ya ga kumfa na tasowa. A zuciyar farin oak kuwa, wasu ƙananan ƙwayoyi kan kumbura su toshe hanyoyin kamar an yaɓe su da laka. Shi ya sa ruwa ba ya ratsa shi, ba ya kuma saurin ruɓewa.

Da shi maƙeran ganguna suke aiki tun da daɗewa, haka ma maƙeran jiragen ruwa. Jirgin yaƙin Amurka mai suna Constitution, wanda aka saka a ruwa a Boston a 1797, da farin oak aka lulluɓe jikinsa, kuma har yau yana nan bisa ruwa.

Sai dai katako ne mai wuyar sha'ani. Yana da nauyi, yana dakushe zarto, kuma idan aka buga masa ƙusar ƙarfe ya ji danshi, wurin zai yi baƙin tabo, saboda wani sinadari da ke jikinsa irin wanda majema ke samu a bagaruwa. Ƙusar tagulla ake nema masa. Bushewarsa ma sai da haƙuri: kafintocin can suna ƙiyasta shekara guda ga kowane inci ɗaya na kaurin katakon idan a iska za a shanya shi. Wanda ya yi gaggawa zai tarar ya tsattsage. Na sha tunanin kafintanmu da ake kawo wa ɗanyen katako yau, gobe mai ƙofa ya zo karɓa, sannan mu ɗora masa laifi idan ƙofar ta karkace da damina.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a 1976 rundunar sojan ruwan Amurka ta keɓe wani daji a Crane, cikin jihar Indiyana, domin a riƙa samun farin oak na gyaran wancan tsohon jirgi guda ɗaya. Bishiyoyin da ake sarewa a wurin sun girmi masu sare su nesa ba kusa ba.

Mu ma muna da itace mai irin wannan daraja, wato madobiya, wadda makiyaya ke ciyar da dabbobi da ganyenta a lokacin rani. Da 'yan kasuwar Sin suka gano kyan katakonta, cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Taraba da Adamawa ƙarƙaf, ana lodin gungume a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Sai a 2017 aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Gungumen ma ɗanye aka fitar da shi, aikin fasawa da ƙira duk a can Sin aka yi.